Amsar Iya da Ban Kai Ba

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe mana abin da muka yi masu muna sane da wanda muka yi cikin wauta. Da wannan addu'a nake so in fara, domin labarin wata tsohuwa zan bayar wadda na ɓata wa rai, ta kuma koma ga Mahaliccinta ban gyara ba.

Gidanmu yana bakin garin Ƙanƙara, inda gidaje suke ƙarewa gonakin dawa su fara. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Iya, ɗakinta ne na ƙarshe, jikin rumbuna. In an gama girbi sanyi ya fara shigowa, da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kututture guda ta tura a murhunta na ƙofar ɗaki, ta binne gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni nakan zo a ƙarshe, don sai na wanke allona na jingine shi a zauren Malam. Tun daga nesa take hango ni da tawada a yatsu.

"Ga angon nawa nan," in ji ta. "Ya tahi yawo ya bar ni da yunwa. Ina cefane?"

"Cefanen mi zan yi wa matar da ba ta da haƙoran tauna nama?"

"Haƙoran ai rowarka ta zubar da su. Shekara tara ina gidanka, ko ƙashi ban gani ba."

Sai yara su fashe da dariya, ita kuma ta matsa ta ba ni wuri a kan buzunta. Babu gidan da ba a wasan jika da kaka, amma namu ya fi na kowa zafi, don babu inda ba mu taɓawa. An haifi Iya a wata unguwar Maguzawa da ke bayan Mabai, ta musulunta lokacin da kakana zai aure ta. Ni kaɗai ne a duniya nake iya tuna mata wannan ta yi dariya. In na ce mata 'yar masu tulun giya, sai ta ce, "Mu da muka sha muka bari, ai mun hi mai jiƙa tabarma, shi har yau bai bari ba." Wata rana mahaifiyata ta ji, ta taso da muciya za ta make ni. Iya ta tare ta, ta ce, "Bar mani mijina. In bai zage ni ba, wa ya rage da zai zage ni?"

A waje kuwa ba mai yi mata wannan maganar. Shekara arba'in ta yi tana azumin Litinin da Alhamis. A wurin matar limamin unguwarmu ta koyi wankan gawa, har ya zama in mace ta rasu a unguwar, ita ake fara aika wa. Tana da wata ƙwarya da tsumma fari da ta keɓe don wannan aiki, a rataye a bayan ƙofarta, ba mai taɓa su. Ban gane ba a lokacin, amma wannan ƙwarya ita ce shaidarta cewa garin ya karɓe ta. Ƙanenta guda ya rage a Mabai, muna ce mashi Baba Nomau, yana nan a kan al'adar iyayensu. Sau ɗaya yake zuwa a shekara da damin gero a kan jaki, ya zauna a zaure, ta fito su yi magana ƙasa-ƙasa, ya koma kafin la'asar.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta sha wuta." A cikin duk tatsuniyoyinta, wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Bushiya da Belbela.

Wai Bushiya da Belbela taubasai ne, 'yar mace da 'yar namiji. Kullum da hantsi suna haɗuwa a bakin wani tafki. Belbela ta ce, "Sannu sarauniyar ƙaya, yau ma ba a samu mai rungumarki ba?" Bushiya ta ce, "Sannu mai ƙafar kara, yau gindin saniyar wa za a bi?" Su yi ta yi har rana ta take, kwaɗi na saurare suna dariya. Iya takan maƙe murya in Belbela ce ke magana, ta kumbura kumatu in Bushiya ce, mu kuwa har birgima muke yi.

A wancan zamani, in ji ta, duk dabbobi sun ɗauka Bushiya ƙaya ce ciki da waje, shi ya sa ba mai kusantarta da mugunta. Ran nan uwar Bushiya ta mutu. Belbela ta je gaisuwa ta tarar da ita kwance rigingine tana kuka, sai ga ciki fari fat, mai laushi kamar auduga, ba ƙaya ko ɗaya. Bushiya ta ce, "Ke kaɗai kika taɓa gani." Belbela ta shafa mata cikin da fiffike har ta yi barci.

Bayan kwana biyu tsuntsaye suka yi biki a ƙolin wata kuka, inda Bushiya ba ta iya hawa. Aka ci aka sha, kowa na ba da abin dariya, ba wanda ya kula Belbela. Sai ta fara kawo irin wasan da suke yi a bakin tafki, aka ɗan yi dariya. Daɗin dariyar ya ɗebe ta, ta ce, "Ai ba ku san komi ba. In kun birkice ta, cikinta kamar tuwon da bai daɗe da sauka ba." Aka tuntsire, har Hankaka ya kusa faɗowa. Tsuntsu ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Mujiya. Ita sauraro kawai take yi.

Daga nan Iya takan rage murya. Wai tun daga wannan dare Mujiya ta fara bin bushiyoyi tana birkice su. Ita kuwa Bushiya, ko motsin ganye ta ji sai ta dunƙule. Belbela ta zo bakin tafki ta ce, "Sannu sarauniyar ƙaya." Shiru. Ta sake faɗa. Sai daga cikin dunƙulen aka ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe." Shi ya sa har gobe za ka ga Belbela tsaye a bakin ruwa da ƙafa ɗaya, ta sunkuyar da kai, tana jiran a zage ta. Iya ta kakkaɓe hannu ta ce, "Baƙuwa ta tahi, kowa ya duba gyaɗarshi."

Na tuna na taɓa ce mata, "To ai Belbela ba ƙarya ta yi ba. Kuma kullum suna wasan."

Ta ce, "Kullum suna yi. Bushiyar na kan kukar?"

Na ce a'a.

"To ci gyaɗarka, ango."

Ina da shekara goma sha huɗu lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa. Mu ba mu ga man ba, amma mun ga alamunsa. Rufin kwano ya fara ƙyalli a cikin gari, babura suka yawaita a hanyar kasuwa, mutanen da ba su taɓa wuce Funtuwa ba suka fara zancen Makka. Ƙanen mahaifina, Baba Lawal, ya samu aiki a wani kamfanin gine-gine a Kaduna, ya zo hutu da wando mai faɗin ƙafa da rakoda mai cin batir shida. Ranar da ya kunna ta a tsakar gida har maƙwabta suka shigo. Ya ɗauki kukan akuya ya sake mata, akuyar ta tsinke igiya. Mahaifina ya ƙi a ɗauki muryarsa. Iya ta zagaya rakodar sau biyu tana kallo, ta ce, "Wannan ai akwatin tsegumi ne."

Baba Lawal ya ji yadda muke yi da Iya, ya yi dariya ya ce Turawan da yake aiki a ƙarƙashinsu ma haka suke wuni suna yi wa juna, har wasan yana da suna a bakinsu, wai banta. Ya ce a wurinsu wanda ya iya shi ne wayayye, shi ake so a zauna da shi. Na rubuta kalmar da ajami a gefen wata takarda, na sa mata wasali da kyau, na riƙa jin cewa ashe abin da na iya tun ina yaro har a Turai yana da daraja.

A cikin wannan hutun nasa aka aiko daga Mabai cewa Baba Nomau ya rasu. Iya ba ta je ba. Ta san za a yi kiɗa, za a zuba giya, kuma ta san idanun unguwa suna kanta. Daren nan ta hura wuta kamar kullum, amma ba ta tafa hannu ba, yara suka gaji da jira suka watse. Ni ma na tafi, sai na tuna na bar hulata a kan buzunta, na dawo. Na same ta ita kaɗai tana kallon garwashi, tana wata waƙa da ban taɓa ji ba, da wata murya da ban san tana da ita ba:

Nomau ya aje garma,
Ku buɗe mashi hanya,
Na gindin tsamiya ku tashi,
Ɗanku ya gaji da rana.

Da ta gan ni ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Zauna, ango. Wannan ita ake yi wa manomi in ya tahi. Ni ce babba, ni ya kamata in yi mashi a kanshi. Ga shi ina yi wa toka." Ta share ido da gefen zane, ta yi istigfari sau uku, ta ce, "Kai kaɗai ka ji."

A kasuwar Ƙanƙara akwai rumfar wani tela, Malam Haruna, inda samari suke taruwa ranar kasuwa. Duk sun girme ni. Nakan tsaya daga bakin rumfar, in na yi magana ba mai juyowa. Ba zan ce Shaiɗan ne ya sa ni ba, ko da yake yana nan. Ni ne na zauna na tsara abin da kaina. Na ari rakodar Baba Lawal na ce zan ɗauki karatu. Na sa ta cikin kwando na rufe da tsumma, na kai ɗakin Iya da rana tsaka lokacin da take kaɗi, na danna. Kunnenta ya fara nauyi, ba ta ji ƙarar ba. Na ce, "Matata, yi mani waƙar nan ta rannan, ta tsaya mani a rai." Ta dube ni, ta ji daɗi. Wallahi daɗi ta ji, don ta ɗauka akwai wani a gidan da yake son ya riƙe wa ƙanenta wani abu. Ta aje mazari ta yi mani ita tun daga farko har ƙarshe.

Ranar kasuwa na shiga rumfar Malam Haruna da rakoda a kafaɗa, nan take aka ba ni benci. Na ce, "Ku zo ku ji matata 'yar masu tulun giya tana kiran 'yan'uwanta na gindin tsamiya." Na kunna. Ina tsayar da kaset ɗin ina kwaikwayon yadda bakinta yake motsi ba haƙora, ina rangaji kamar mai maye. Aka yi dariya irin wadda ban taɓa samu ba. Wani ya buga cinya, wani ya ce a maimaita, na maimaita sau uku. Masu wucewa suka tsaya. Malam Haruna ma ya murmusa da farko, daga baya ya ci gaba da taka kekensa, bai ɗago ba. A bakin rumfar akwai wani dattijo ɗan unguwarmu da ya kawo ɗinkin riga. Shi bai yi dariya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi rigarsa ya tafi. Na gan shi, kuma na san tatsuniyar, amma ko kusa ban tuna da ita ba.

Kafin kwana uku maganar ta gama unguwa, wai tsohuwar gidanmu har yanzu tana kiran iskoki a ɗaki. Fasinjojin mota suka kai ta har Faskari, inda ƙanwar mahaifina take aure, dangin mijinta suka riƙa yi mata habaici da ita. Da mahaifina ya gano tushen abin, ya kama hannuna ya ja ni tsakar gida, ya ɗauko igiyar jaki. Iya ta fito daga ɗakinta a hankali.

Ta ce, "Kada a taɓa Malam."

Duk muka juya muna neman wane malami ne ya shigo. Ashe ni take nufi.

"Malam ya yi karatu, ya san halal ya san haram. Abin da ya ji ne ya kai. A ƙyale shi."

Da ta bari an yi mani dukan, da ya fi mani sauƙi. Tun daga ranar, in na shigo sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Sannunku da zuwa, Malam. An tashi lahiya?" In na zo wurin wuta sai ta sa a kawo mani kujera, ba ta ƙara matsawa a kan buzu ba. Na gwada sau ɗaya, na ce, "Matata, yau ba tuwo ne?" Ta ce, "Akwai, Malam. Yanzu za a kawo maku." Ta kuwa kawo da hannunta, a kwano mai murfi, har da ɗan rusunawa. Na bar tuwon a rufe yadda ta kawo shi.

Bayan sati biyu wata tsohuwa ta rasu gida na uku daga namu. Iya ta ji kukan, ta yi alwala, ta sauke ƙwaryarta da farin tsumma, ta zauna a bakin gado tana jiran ɗan aike. Tana nan zaune har aka fito da makara. Wata aka kira daga wata unguwa. Da la'asar na ga ta miƙe ta mayar da ƙwaryar bayan ƙofa. Ba ta sake sauke ta ba.

Ana jibi Baba Lawal zai koma Kaduna ta aika aka kira shi, ta ce ya zo da akwatin tsegumin da sabon kaset. Ya danna mata, ta kore shi waje, ta rufe ƙofa. Ta daɗe a ciki. Da ta buɗe sai ta kira ni, ta miƙo mani kaset ɗin, ta dubi tsakiyar idona, abin da ta daina yi.

"Gobe kasuwa. Ka kai masu inda ka kai waccan. Ka kunna tun daga farko har ƙarshe, kana tsaye. Kada ka saurara a hanya."

Na ce to. Da safe na ɗauki rakoda na fita, amma ban wuce bayan rumbuna ba sai da na tsuguna na rage murya na kunna. Sai ga Iya, da muryarta ta da, mai kaifi:

"Salamu alaikum mutanen rumfar tela. Ni ce arniyar da kuka ji rannan. To yau ku ji labarin babban malamin da ya kawo maku ni. Wannan da kuke gani tsaye, sai da ya shekara goma sha ɗaya ina shanya mashi tabarma a ɓoye bayan rumbu. Ranar da aka yi mashi kaciya, maza bakwai aka yi wa, shi kaɗai aka ji a kasuwa yana kiran Iya. Talotalon gidan liman kuwa, ku tambaye shi inda ya bar wandonshi..."

Na kashe. Na hango bencin nan da aka ba ni, na hango waɗanda suka buga cinya suna nuna ni da baki har in tsufa. Na shiga kasuwa ta wata ƙofar, na wuni a wurin masu sayar da awaki ina kallon ciniki, rakoda a ƙunshe cikin riga. Da yamma na dawo. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ta sa sabon kallabi.

"An kai?"

"An kai, Iya."

"Sun yi dariya?"

"Sun yi sosai."

Ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu. "Da aka kai ƙarshe hwa, mi tela ya ce?"

"Bai ce komi ba. Dariya kawai ya yi."

Ta gyara sabon kallabinta. Sannan ta ce, "To, madalla. Allah Ya yi wa Malam albarka."

Na jefa kaset ɗin a ƙasan akwatin littattafaina. Da damina ta wuce aka kai ni garin Sabuwa wurin wani malami don in ci gaba da karatu. Ina can, a shekara ta biyu, aka aiko cewa Iya ta rasu. Kafin in iso an rufe ta. Mahaifiyata ta ce har ranar ƙarshe, in za ta tambaye ni, cewa take yi, "Ya labarin Malam?"

Na girma, na yi aure, na zama malamin da ta kira ni. Na rubuta wa mutane wasiƙu, na karantar da 'ya'yansu, na sha yin wa'azi a kan giba da annamimanci. Ban taɓa ba kowa wannan labari ba. Akwatin ya bi ni gida uku, kaset ɗin na ƙasansa.

Sai da 'yata ta fari ta zama malamar Turanci. Wata rana tana shirya darasi a tsakar gida, na ji ta furta kalmar nan ta Baba Lawal, banta. Ta ce, "Baba, ina neman yadda zan fassara wa yara ita. Tsokana ce, amma ba kowace tsokana ba." Na ce ta karanta mani abin da littafinta ya ce. Ta karanta, ta juya mani da Hausa: wai maganar wasa ce da ake musaya tsakanin mutanen da ke son juna, wannan ya jefa, wannan ya rama. Na ce ta maimaita. Ta ce, "Wannan ya jefa, wannan ya rama." Na ce, "In ɗayan ba ya wurin fa?" Ta yi dariya ta ce, "To ai wannan ba ita ba ce, Baba. Wannan gulma ce."

Ashe Turawan ma sun san Bushiya ba ta kan kukar. Baba Lawal rabin ma'anar ya kawo mana daga Kaduna, ni kuma na karɓe ta hannu bibbiyu don ta dace da abin da raina yake so. Iya da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami, ta riga ta ba ni cikakkiyar tun ina cin gyaɗa a kan buzunta.

Na tambaya aka ce mani Malam Haruna tela yana raye, idonsa ya tafi, amma kullum jikokinsa suna kai shi rumfar, ɗansa ne yake ɗinkin yanzu. Na nemo tsohuwar rakoda wurin wani mai gyara, na sayi batir, na jira ranar kasuwa. Na tarar da shi a kan tabarma, kusa da keken, da samari biyar ko shida da ban san ko ɗaya ba. Na gaishe shi na faɗi sunan mahaifina.

"A'a, Malam ne da kanshi? Ɗinki aka kawo?"

"Saƙo na kawo, Baba. Ya kwana biyu a hannuna."

Aka ba ni benci na ce a'a, a tsaye aka ce in yi. Na kunna. Muryar ta ɗan ja saboda daɗewa, amma ita ce. Samarin suka fara ƙunshe dariya don ganin furfurata, da aka zo kan talotalo suka kasa, wani har ya fita waje yana riƙe ciki. Ta faɗi ƙuliƙulin da na sata na ɓoye a hula, man da ke jikinsa ya tona ni. Ta faɗi ranar da na yi limancin yara na mance Fatiha don na hango mai alewa. Na tsaya. Ba abin da ya same ni. Dariya ce kawai, ta zo ta wuce kamar yayyafi, kuma ita na guje wa fiye da shekara talatin.

Sai muryar ta sauka, ta koma irin ta bakin wuta:

"To, kun yi dariyata, kun yi tashi, an yi daidai. Yaro ne, bakinshi ni na wasa mashi, in ya yanke ni ba ruwan kowa. Malam tela, in ya tsaya har nan bai gudu ba, don Allah ka ɗauko ɗan ƙyalle a ƙarƙashin kekenka ka ba shi ya kawo mani, in san angona ya dawo. Ka ce mashi ya yi sauri, na binne mashi gyaɗa."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa ba magana. Malam Haruna ya miƙa hannu yana lalube a ƙarƙashin keken, ya tsinto wani guntun atamfa shuɗi, bai kai tafin hannu ba, ya kakkaɓe shi a gwiwarsa, ya miƙo ta inda yake jin numfashina.

Ƙyallen yana nan cikin gafakar Alƙur'anina. Jikokina yanzu suna ce mani tsoho mai rowa, 'yar ƙaramarsu tana cewa ta sake ni ta auri mai babur, ni kuma ina ramawa iyakar ƙarfina, don na san abin da ake ji in an daina. In sanyi ya shigo nakan ba su tatsuniyar Bushiya da Belbela. Duk lokacin da na kai wurin da Belbela take tsaye a bakin ruwa, sai in ce su duba gyaɗarsu, ni kuma in juya in gyara wuta.